Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Editocin Arewa: Ku Tura Mu Inda Yara Ke Fasa Dutse

Zuwa ga editoci da masu kafafen yaɗa labarai na Arewacin Najeriya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe. Ina gaishe ku gaisuwar ƙarami ga manyansa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah ya ƙara wa aikinku albarka.

Ni mai ɗaukar hoto ne. Da hoton biki da suna na fara, daga baya na koma bin 'yan rahoto zuwa duk inda aka tura su. Na rubuto ne a madadin abokan sana'ata, mu da kuke gani a bakin taro da kyamara rataye a wuya, mu da sau da yawa ko sunanmu ba ya fitowa a ƙasan hoton da muka ɗauka. Mun daɗe muna wannan magana a tsakaninmu, a inuwar bishiya muna jiran mai girma ya iso, har suka ɗora mini alhakin in kawo ta gabanku.

Abin da ya tunzura mu shi ne ranar 12 ga Yuni. A ƙasar nan, tun 2019, ranar dimokuraɗiyya ce. Amma tun 2002 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta keɓe wannan rana domin yaƙi da bautar da ƙananan yara. Kowace shekara ana tura mu filin fareti da ɗakin taro, mu dawo da hoton babbar riga da jiniya da yankan kek. Idan an tuna da yaran, sai a tsakuro 'yan layuka daga jawabin wani jami'i, a laluba intanet a ɗauko tsohon hoton almajirai riƙe da robobi a liƙa a kai. Babu wanda ya san garin da aka ɗauki hoton, ko shekarar, ko me ya sami yaran. Bana ma haka aka yi, shi ya sa muka ce shirun ya isa.

Ba don ƙarancin labari ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2022, wanda ta fitar a 2024, ya nuna yara fiye da miliyan 24 masu shekara 5 zuwa 17 suna cikin aikin da bai dace da shekarunsu ba, wato kashi 39 cikin ɗari. Daga cikinsu sama da miliyan 14 aikin nasu mai haɗari ne ga rai da lafiya. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF na 2025 ya ce a duniya baki ɗaya yaran sun kai kimanin miliyan 138, kusan miliyan 87 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Kun buga waɗannan alƙaluma, mun gani. Sai dai mutum yakan karanta miliyan 24 ya ce subhanallahi, ya ci gaba da shan shayinsa. Lamba ba ta da ido, ba ta da faso a ƙafa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce gani ya kori ji.

Kafin in zayyana kokenmu, ku ba ni izini in kawo labarin wani mutum da ya riga mu wannan sana'a da shekara fiye da ɗari, domin duk abin da za mu roƙa a wajensa muka gani.

Sunansa Lewis Hine, Ba'amurke, an haife shi a 1874. Malamin makaranta ne a birnin New York kafin ya riƙi kyamara. A lokacinsa Amurka tana cin gumin 'ya'yanta ba tare da kunya ba. Ƙidayar 1900 ta nuna yara kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin, masu shekara 10 zuwa 15, suna aikin neman kuɗi. A 1904 wasu masu kishi suka kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da bautar da yara, a 1908 kuma suka ɗauki Hine aiki, da albashi da kuɗin tafiya. Ya ajiye alli ya shiga yawon ƙasar da akwatin kyamara na katako mai ƙafa uku, da faifan gilashi, da hodar da ake kunnawa ta ba da haske.

Masu masana'antu ba sa son ganinsa, don haka yakan shiga da dabara. Wata rana ya ce shi mai duba kayan kashe gobara ne, wata rana mai sayar da littattafan addini, wata rana kuma ya ce injina kawai ya zo ɗauka, sai ya roƙi a tsayar da yaro kusa da injin don a ga girmansa. In an hana shi shiga, sai ya tsaya a bakin ƙofa tun da asuba ya jira fitowar masu aikin dare. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake auna tsayin yaro. Ya san tsayin kowane maɓalli na rigarsa daga ƙasa, sai ya matsa kusa da yaro kamar mai hira, ya lura da maɓallin da kan yaron ya kai. Hannunsa ɗaya yana cikin aljihu yana rubutu a ɓoye: shekaru, awannin aiki, lada, tun yaushe aka fara, ko yaron ya iya karatu.

Da haka ya fito da wata yarinya a masaƙar auduga ta Lancaster, a jihar Carolina ta Kudu, a 1908, tsayinta inci 48, tana tsaye ita kaɗai tsakanin dogayen layukan injin kaɗi. Ya fito da yara maza a wata masaƙa a Macon ta jihar Jojiya a 1909, waɗanda saboda ƙanƙanta sai sun taka jikin injin, wasu ba takalmi, kafin hannunsu ya kai ga zaren da ya tsinke. A 1911 ya shiga rumfunan tace kwal a Pennsylvania, inda yara ke zaune a duƙe yini guda suna tsince dutse daga kwal ɗin da ke gangarowa, ya rubuta cewa wani lokaci ƙura kan hana a ga komai, kuma akwai mai tsaye a kansu yana zungurinsu ko ya yi musu ƙafa. A shekarar dai ya ɗauki ɗan shekara biyar a Biloxi, bakin teku, mai ɓare jatan lande, a bayansa tulin ɓawon kawa kamar tsauni.

Kwamitin bai bar hotunan a aljihun tebur ba. Sun buga su a mujallu da ƙananan takardu da manyan allunan baje koli, sun yi ta haska su a wuraren lacca, sun kai su gaban 'yan majalisa. Hine ya san za a ce ƙarya yake yi, shi ya sa ba ya wasa da bayanin da ke ƙasan hoto. Shi ne ya faɗa a wani jawabi a 1909 cewa ko da hoto ba ya ƙarya, maƙaryaci na iya ɗaukar hoto.

To, me ya biyo baya? A 1912 gwamnatin tarayyarsu ta kafa ofishin kula da al'amuran yara. A 1916 aka yi dokar Keating-Owen, wadda ta hana ketare iyakar jiha da kayan da aka yi a masana'antar da ke sa 'yan ƙasa da shekara 14 aiki, ko mahaƙar da ke sa 'yan ƙasa da 16. Shekara biyu kacal, a 1918, Kotun Ƙoli ta rushe ta, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Ku lura da wanda aka shigar da ƙarar da sunansa: uba ne, mai 'ya'ya biyu a wata masaƙa a Charlotte, yana neman a bar su su ci gaba da aiki. Wannan wuri yakan tsaya mini a rai, domin na sha jin irin muryarsa a bakin iyayen da nake tararwa. Aka sake gwadawa ta hanyar haraji, kotu ta sake rushewa a 1922. Aka nemi gyara tsarin mulki a 1924, jihohin da ake buƙata ba su cika ba. Sai a 1938, zamanin shugaba Roosevelt, aka samu dokar da ta zauna, kotu ta tabbatar da ita a 1941. Ko ita ɗin ta bar ƙofa a buɗe ga aikin gona.

Shekara talatin kenan daga hoton farko zuwa dokar da ta tsaya da ƙafarta. Kuma ba zan ce muku hoto shi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai tilasta karatun boko da jihohi suka yi, akwai ƙungiyoyin ƙwadago, akwai sababbin injina, akwai karayar tattalin arzikin da ta sa manya ma suka rasa aiki. Amma hotunan sun toshe hanyar musu. Bayan su, babu mai masaƙar da zai miƙe a gaban jama'a ya ce babu yara a wajensa. Shi Hine ya rasu a 1940 cikin talauci, ya rasa gidansa, kusan an manta da shi. Hotunansa na wancan aiki, sama da dubu biyar, suna nan a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, kowa na iya buɗe su a intanet kyauta. Wata yarinya 'yar masaƙa da ya ɗauka a Vermont a 1910, ba takalmi, ta jingina da injin, ita ce aka sa a kan-sarkin aika wasiƙa a 1998.

Yanzu ga kokenmu.

Na farko, ba a tura mu. Hine yana da masu biyansa ya yi wata da watanni a kan magana ɗaya. Mu kuwa duk wanda ya je wurin fasa dutse ko ramin haƙar ma'adinai, da kuɗin aljihunsa ya je, a ranar da ba shi da biki. Na taɓa zuwa wani wurin fasa dutse a bayan gari, na tarar da yaro da bai wuce shekara tara ba a ganina. Yana zaune a kan tsakuwa ya miƙe ƙafafu, hannun hagu riƙe da zoben roba da aka yanko daga tsohuwar taya, da shi yake tare dutsen kada ya tsallake, hannun dama kuma guduma. Ya naɗe babban yatsansa da tsumma, tsumman ya yi baƙi ya ƙandare. Girarsa da gashin idonsa fari fat da ƙura, kamar na tsoho. Na tambaye shi lada, ya nuna mini kwanon sarki ya ce sai ya cika ake ƙirgawa, kuma ba a hannunsa ake sa kuɗin ba. Duk tsawon hirarmu bai daina bugu ba, tarin da yake yi ma a tsakanin bugu biyu yake yin sa. Na kai hotunan wani ofishi da nake hulɗa da shi a lokacin. Aka duba, aka yaba, aka ce a ajiye sai an samu fili. Filin bai samu ba har yau. Ƙurar dutse kuwa ba ta jiran fili: tana taruwa a huhu ne a hankali, ta yi tabon da ba ya warkewa.

Illar rashin tura mu ita ce, labarin gidanmu sai baƙo ya zo ya ba mu. Ku tuna Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke fita daga dutsen zinaren da ake daka da niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. An tsabtace wasu ƙauyuka, amma ƙauyen Bagega ya zauna jiran kuɗin tsabtace shi. A 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da hotuna da bidiyon da Marcus Bleasdale ya ɗauka, aka ga yara a bakin ramuka da wurin niƙa. Matasanmu suka ɗauki maganar suka yi ta bugawa a kafafen sada zumunta da taken a ceci Bagega, har aka saki kuɗin aikin a farkon 2013. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira ta jihar Neja. A ƙarshen 2024 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ne ya nuna wa duniya yara suna aiki a mahaƙun lithium, ma'adinin da ake yin batir da shi, a jihar Nasarawa. Muna yi wa duk waɗanda suka yi wannan aiki godiya, har da 'yan ƙasarmu da ke cikinsu. Amma waɗannan wurare tafiyar yini ɗaya ce daga ofisoshinku, kuma yaran da iyayensu harshenmu suke ji. Mai ɗaki ai shi ya kamata ya fara sanin inda yake yoyo.

Abu na biyu ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne yadda ake buga hoton idan an ga dama an buga. A sa fuskar yaro, a rubuta "wasu yara masu talla" a ƙasa, shi kenan. Irin wannan hoto ba hujja ba ne. Kwamishina zai kalle shi ya ce ba jiharsa ba ce. Ɗan majalisa zai ce tsohon hoto ne. Kuma ba za a iya ƙaryata su ba, tun da mu da kanmu ba mu rubuta wuri da rana ba. Mun sha ganin hoton wata ƙasa an liƙa shi a labarin garinmu, yanzu kuma ga hotunan da kwamfuta ke ƙirƙirowa sun fara shigowa, yaro mai hawaye ɗaya a kumatu wanda bai taɓa rayuwa ba. Duk ranar da aka kama jarida da irin wannan, hoton gaskiya guda ɗari ne suka mutu tare da shi.

Akwai kuma wata ɓarna da rashin bayani ke jawowa, wadda ta shafe mu musamman. Mutanenmu ba sa ƙin yaro ya yi aiki, kuma suna da gaskiyarsu. Yawancinmu mun je gona da iyayenmu, mun yi aike, mun zauna a shagon baba ko kawu mun koyi sana'a, kuma albarkar hakan muke ci. Idan aka nuna wa Bahaushe hoton yaro da fartanya aka ce bauta ce, zai ce an zo raba shi da tarbiyyar 'ya'yansa, ya toshe kunne. Bayanin ƙasan hoto ne kaɗai zai raba masa tsakanin ɗan da ke taya ubansa noma bayan an tashi daga makaranta da ɗan shekara goma da ke shiga rami da igiya a ƙugu. Tsakanin yarinyar da ke taya uwarta wanke-wanke da 'yar aikatau da aka ɗauko daga ƙauye, ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya, albashinta kuma yana tafiya hannun matar da ta kawo ta. Awa nawa, da wane kayan aiki, wa ke karɓar kuɗin, yana zuwa makaranta ko ba ya zuwa: waɗannan su ne ke sa mai karatu ya ce a'a, wannan kam zalunci ne. Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan ma a sashe na 59 ta yi irin wannan bambanci. Ta yarda ɗan ƙasa da shekara 12 ya yi aiki mara nauyi na gida ko gona a hannun danginsa, ta kuma hana sa ɗan ƙasa da 16 aikin ƙarƙashin ƙasa. Ga Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, ga yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin yara, mai lamba 138 da mai lamba 182, da Najeriya ta amince da su a 2002. Ba doka muka rasa ba, Hine ma da ya samu rabin abin da ke rubuce a littattafanmu da ya yi murna. Shaidar da za a ɗora a kan dokar ita ce babu.

Na uku, mutuncin yaran. A nan mu ma muna da laifi, ba zan ɓoye ba. Na taɓa ɗaukar wata yarinya mai tallar gyaɗa da barci ya kwashe ta a gefen titi da daddare, farantinta a cinya, hannunta ɗaya a kan ƙullin kuɗin da ta ɗaure a bakin zane. Na sa a Facebook, kafin gari ya waye ya zagaya ko'ina. Na ji daɗi, na ɗauka na yi aikin alheri. Bayan mako biyu na koma wurin, masu shayi suka ce mini ta daina zuwa nan, an mayar da ita wata tasha mai nisa, domin yaran unguwa sun sa ta a gaba da tsokana, uwarta kuma ta sha gori a gidan biki. Tallar ba ta tsaya ba, sai dai tafiyarta ta ƙaru. Ban nemi izinin kowa ba, ban rufe fuskarta ba, ban tambayi me ya fito da ita ba. Har yau idan na tuna sai in nemi gafarar Allah. Da akwai ƙa'ida a rubuce da edita ke tsare mu da ita, da an rage irin wannan. Talaka yana da kunya, yana da dangi, yana da surukai. Ba daidai ba ne a mayar da 'yarsa abin neman tausayi, alhali mai tifar da ke sayen tsakuwar, da dillalin da ke auna ma'adinin, da hajiyar da ke riƙe da 'yar aikin, babu wanda kyamara ta taɓa kallo.

Na huɗu, idan an tare mu babu mai tsaya mana. Kusan kowane ɗayanmu yana da labarin ranar da aka ƙwace masa kati, ko aka tilasta masa goge hotuna, ko aka tsare shi yini guda ana tambayarsa wa ya aiko shi. Ka kira ofishin da kake kai wa hoto, a ce ai kai ba ma'aikacinmu ba ne. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe hoton amarya zai koma, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Na ƙarshe gajere ne. Babu inda ake adanawa. Hotunan shekara goma suna cikin wayoyi da katuna da kwamfutocin da suka mutu. Na san abokin aikin da ruwa ya shiga ɗakinsa da damina, aikin shekaru ya tafi a dare ɗaya.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kowace kafa da ke da hali ta ware mai hoto ɗaya da ɗan rahoto ɗaya, ta ba su wannan fanni na tsawon shekara guda aƙalla, da kuɗin mota da na kwana. Kada a ce su ɗauko "bautar da yara" gaba ɗaya. A ba su wuri ɗaya su zauna a kansa har su san shi ciki da bai: mahaƙa ɗaya, gidan bulo ɗaya, bola ɗaya da 'yan jari bola ke tona, tasha ɗaya da 'yan dako da yaran mota ke kwana. Waɗanda ba su da halin yin haka su kaɗai, su haɗa kuɗi su uku ko huɗu su raba hotunan. Gidajen rediyo ma suna ciki, domin yanzu kowannensu yana da shafi a intanet, kuma mai gabatarwa na iya kwatanta hoto da baki har mai saurare a ƙauye ya gan shi.

Ku kafa doka a teburinku cewa ba za a buga hoton yaro yana aiki ba sai da wuri, da rana, da shekarunsa gwargwadon abin da aka tabbatar, da awannin aiki, da lada, da wanda ke karɓa, da sunan mai hoton domin a san wanda za a tuhuma in ƙarya ce. A daina ɗauko na wata ƙasa, a haramta na ƙirƙira, a kuma hana shirya yaro a ce ya ɗaga guduma ko ya ɓata fuska.

Ku rubuta mana ƙa'idar kare yaran, ku tsare mu da ita. A nemi yardar uwa ko uba ko mai riƙo, a gaya musu inda hoton zai je, da harshen da suke ji. Inda bayyana fuska zai jawo wa yaro duka ko kora ko gori, a ɗauki hannu, a ɗauki baya, a ɗauki kayan aikin, a sakaya suna. Hannun yaron nan mai tsumma ya isa shaida ko ba a ga fuskarsa ba. Sannan a bi kayan har inda suka ƙare: tsakuwar wane gini ta shiga, ma'adinin wa ya saya, a je a tambaye shi, a ba shi dama ya kare kansa, a ɗauke shi shi ma.

Ku ba duk wanda kuka tura takardar shaida, ko da ba ma'aikacinku na dindindin ba ne, da lambar da zai kira a ɗauka, da lauyan da zai zo. Sashe na 22 da na 39 na tsarin mulkin 1999 sun ba aikin jarida gindin zama, amma mai hoto shi kaɗai a bakin rami ba zai iya karanta wa kowa sashe ba. Inda kuma wurin yake hannun 'yan bindiga, kada a tura kowa. Babu hoton da ya kai rai.

Ku nemi wata cibiya mai ɗorewa, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna, ko sashen koyar da aikin jarida na ɗaya daga jami'o'inmu, ku ƙulla yarjejeniya a riƙa ajiye kwafin kowane hoto da bayaninsa, yadda ɗalibi ko lauya ko ɗan majalisa zai iya zuwa ya nema bayan shekara ashirin.

Sannan kada a tsaya a bugawa. A wanke hotunan manya-manya, a rubuta bayaninsu da Hausar boko da ajami, a kai su harabar majalisun jihohi, da fadojin sarakuna, da gaban malamai da limamai da shugabannin coci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobin tifa. A yi amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 a tambayi hukumomin ƙwadago: jami'an duba wuraren aiki nawa ne a kowace jiha, sau nawa suka fita, mutum nawa aka gurfanar. A buga amsar kusa da hoton, in ba a amsa ba a buga cewa ba a amsa ba. Bayan wata shida a koma wurin a sake ɗauka, a ga ko yaron yana aji ko yana nan a kan tsakuwa. A kuma tambayi iyayensa abin da zai sa su iya haƙura da kuɗin da yake kawowa, a buga amsarsu yadda suka faɗa, domin uban nan na Charlotte yana nan da yawa a cikinmu, kuma ba mugunta ce ta kai shi kotu ba.

Mun san halin da gidajen jaridu ke ciki. Takarda ta yi tsada, talla ta ja baya, wasunku albashi ma da ƙyar ake haɗawa. Ba mu zo da raini ba, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba. A namu ɓangaren mun yi alkawarin kawo abin da ke hannunmu: hotunan da muka tara, za mu zauna mu rubuta wa kowanne wuri da rana gwargwadon abin da muka riƙe, wanda ba mu tabbatar ba mu cire shi. Duk editan da ya buɗe mana ƙofa, za mu zo da su ya gani da idonsa, mu kuma tsara tare inda za a fara kafin wata 12 ga Yuni ta zagayo.

Na sake bi ta wurin fasa dutsen nan kwanakin baya. Ban tarar da yaron ba, wani mai lodin tifa ya ce ya kwana biyu bai gan shi ba. A gurbin da yake zama akwai wani, ƙarami a kansa, riƙe da irin zoben robar nan.

Muna jiran amsarku.

Wassalam. Naku cikin girmamawa,
wani mai ɗaukar hoto, a madadin abokan sana'arsa.